Ranar da Aka Wanke Min Kati

Jama'a ku bari in sha ruwa tukuna, don wallahi yau ƙafafun nan ba nawa ba ne. Masu turo min saƙo kuna cewa "Juwairiya ki rabu da shi, tun yanzu ya fara yi miki iko," na gode da kishina da kuke yi, amma ku ajiye sandunanku. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in tura miki lambarsa ki zazzage shi tas, Allah ya bar zumunci, ba sai kin wahala ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: a Lokuwa gidanmu yake, nan cikin Mubi, kuma ni ce auta. Babanmu ya rasu. Daga ni sai Dada, mahaifiyata, sai yayata Adda Hajaratu da ke aure a Kolere, amma ko kaza aka yanka a gidanmu sai ta zo ta duba wuƙar. Mahmoud kuma shi ne mutumin. Maganin dabbobi yake sayarwa a bakin kasuwar shanu. Dogo ne, mai sanyin magana, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ni na zaɓi abina, ba wanda ya ce min dole. Asabar ɗin nan manyansa za su zo gaisuwa.

Abin da ya haɗa mu faɗa kuwa kati ne. Eh, memorin waya, ɗan mitsitsi kamar farcen jariri. A cikinsa akwai waƙoƙin wasu 'yan Jos da ake ce wa Garwashi. Na san ba ku san su ba, kuma ba laifinku ba ne, sun daɗe da watsewa. Kiɗan rok suke yi, mai jitar lantarki da ganguna, wanda in aka kunna sai ka rantse injin niƙa ne ya haɗiye cokali. Wannan ɓangaren nasu ni ko kusa ba na iya saurara. Amma suna da wata al'ada. Lokaci-lokaci sukan zauna a bayan wani gida, ba lantarki ba ganga, daga jitar katako sai muryar Eva, mai rera musu waƙa, jama'a na zaune a ƙasa kewaye da su. Waɗanda suka je wurin su ne suke ɗauka da wayoyinsu. To waɗannan su ne raina.

Ba zan iya kwatanta muku daidai ba. Kana jin ƙarar yatsa in ya zame a kan tsirkiya. Kana jin Eva ta ja numfashi kafin ta ɗauko baiti mai tsawo. Wani yana jan kujera, wata tana ce wa ɗanta ya yi shiru. Ba ɗaya da ke da suna, lambobi ne kawai, ni na raɗa musu nawa a raina: akwai Ta Ruwan Sama, wadda aka ɗauka ana yayyafi a kan kwano, akwai Ta Mai Tari, akwai Wadda Tsirkiya Ta Tsinke.

Shekarar da aka gudu daga garin nan ina ƙaramar sakandare. Duk ɗan Mubi ya san shekarar da nake nufi, ba sai na buɗe ba. Da ƙafa muka bi duwatsu, daga baya muka ƙare a gidan kawunmu a Jos. Na isa da jikina lafiya, amma kunnuwana ba su isa tare da ni ba. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai dai a jawo ni daga ƙarƙashin gado ina ihu. Wata 'yar maƙwabtan kawu ce ranar nan ta zauna kusa da ni, ta zare iyafis ɗaya daga kunnenta ta sa min. Ta Ruwan Sama ce. Ranar na fara jin ƙirjina ya sauka.

Tun daga nan nake tara su. Wata an turo min a guruf ɗin masoyansu, wata na roƙa wurin wani ɗan Bauchi har sai da ya gaji da ni. Guruf ɗin ya mutu, lambobin mutanen sun daina shiga, kuma ku duba intanet in kun ga dama, masu hayaniyar kawai za ku samu. Waya nawa na canza, katin nan yana bi na. Har yau in tayar mota ta fashe a titi, ko yara suka fara wasan nokawut da Sallah, ɗaki nake shiga in toshe kunne da Eva har hannuna ya daina rawa. Kafin yau ban taɓa faɗa wa Mahmoud wannan ba. Na sha ɗauko maganar sai in ji kunya ta rufe ni, budurwa guda da tsoron murfin tukunya.

Ita kuwa Adda tun da ta taɓa fizge iyafis ɗin ta ji jita da Turanci ta yanke hukunci.

"Waƙar coci ce."

"Adda ba ta coci ba ce."

"To wa ke kaɗa jita a garin nan in ba 'yan coci ba? Ki rufa mana asiri Juwairiya. Dangin Mahmoud mutanen Sorau ne, gidan malamai. Goggonsa ɗaya ta ɗauki wayarki ta latsa, shi ke nan an samu abin faɗa har Maiha."

Ana cikin haka wayata ta suɓuce a bakin famfo, gilashin ya tsage. Da yamma Mahmoud ya zo zance. Na shiga madafa ɗumamo masa kunun gyaɗa, ashe a bayana Adda ta leƙa zaure ta miƙa masa wayar, ta ce a taimaka a canza gilashi, a wanke katin ma gaba ɗaya, bairos ya cinye shi. Da na fito ya ce min gyara zai kai, har godiya na yi masa. Ko ɗar ban ji ba.

Shekaranjiya ya dawo da ita. Ku ga yadda ya sha farar shadda, da hula kube ruwan toka, yana ta ƙamshi. Ya miƙo min wayar a sabuwar riga ruwan hoda mai duwatsu, yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Na sa an cika miki ita dam," ya ce. "Na soyayya, da na Fulatanci, da wa'azi. Ni na zaɓa da kaina."

Na buɗe. Na gangara ƙasa, na hau sama, na sake gangarawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu ko ɗaya.

Ban san me na faɗa masa ba, na dai san muryata ta fito har sai da maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Na bar shi tsaye da kofin kunu a hannu na shige ɗaki. Sai ga saƙonni.

"Juwai don Allah me na yi?"

"Adda ce ta ce bairos."

"Waɗanne waƙoƙi ne? Faɗa min sunansu in sayo miki."

Na rubuta masa: "Ba a sayar da su. Ka kashe min abu kuma ko sunansa ba ka sani ba." Na tura, na toshe lambarsa.

Adda ko musu ba ta yi ba. Tana ninke zannuwan da za a saka ranar Asabar ta ce, "Na yi, kuma don ke na yi. Gaba za ki gode min." Dada na zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, ta kalle ta, ta kalle ni, ta ci gaba da tsintarta.

Jiya ko ƙofar ɗaki ban fita ba. Ga shi lokacin cirar gyaɗa ne, daidai watan da aka gudu, watan da ko yaushe jikina ke tashi. Wani ya buga ƙyauren shagonsa a waje, na kai hannu ga waya yadda na saba, na latsa, sai wani ƙato ya fara rera min cewa ni ce tauraruwarsa. Wallahi na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Har na fara raya wa raina Asabar ɗin ma a fasa.

Yau da safe na tashi da zuciya. Na saka atamfata kore mai ganye, na zura dogon hijabi ruwan ƙasa, na ce wa Dada kasuwa zan je. A jikin ledar da aka saka min wayar akwai sunan mai shagon, Dennis, layin masu waya. Niyyata ɗaya ce, in je in ga fuskar wanda ya yi min wannan aiki in faɗa masa abin da ke raina.

Shagon ɗan kwantena ne, wayoyin caji sun yi masa rassa ta ko'ina, lasifika na ta ɓarin fim ɗin Indiya mai fassara. Dennis wani gajere ne mai rigar ƙwallo, yana cin ƙosan rogo a gaban laftof. Ko sallamar kirki ban yi ba na ɗora masa wayar a tebur.

"Kai ne ka wanke katin nan?"

Ya kalli rigar ruwan hoda, ya ajiye ƙosan. "Yesu. Ke ce mai shi? Anti zauna, don Allah zauna."

"Ba zama na zo yi ba."

"Anti ki ji ni. Ni fa ban taɓa wanke katin mutum ban kwafe ba. Duk layin nan haka muke yi. In ba haka ba da me zan cika laftof? Abin da wannan ya kawo shi nake tura wa wancan."

Jama'a sai da na dafa tebur. "Kana nufin suna nan?"

Ya sosa ƙeya, kuma tun daga sosawar nan na san da sauran magana. Ya ce shi ba ya da lokacin sauraren waƙa har ƙarshe. Yana latsawa ya ji farkonta, sai ya jefa ta inda ta dace. In ganga ce da kalangu, Hausa. In algaita ce ko shantu, gargajiya. Nawa kuwa da ya ji jita ba ganga, bai yi wata-wata ba ya zuba su a foldar coci.

Na ce a raina, to Adda, kin samu ɗan'uwa.

"Buɗe foldar."

"Nan ne matsalar." Ya ƙi haɗa ido da ni. "Sabbin fina-finai sun shigo, wuri ya cika min. Sai na rage kaya. Duk waɗanda ba su da suna na goge."

Ban yi ihu ba. Ƙarfin ihun ma babu. Na nemi benci na zauna.

"Amma Anti tsaya! Ranar Laraba, kafin in goge, wata mama ta zo daga Vimtim. Mama Roda, shugabar mata ce a cocinsu. Duk ranar kasuwa in ta sayar da gyaɗa sai ta kawo katin rediyonta ta ce in zuba mata duk sabon abin da ya shigo na coci. Na juye mata foldar gaba ɗaya. In ba ta goge ba, suna wurinta." Ya ɗauki ƙosansa, ya sake ajiyewa. "Ai na faɗa wa mutuminki. Jiya wuni ya yi a nan, ya hana ni ciniki, sai da muka bi laftof ɗin nan kaf. Yau tun da sassafe ya zo ya karɓi kwatancen gidan ya hau mashin."

"Wane mutumina?"

"Dogon nan mai maganin shanu. Idonsa ja wur. Na ce masa ya kira ki ya tambayi sunan waƙoƙin, ya ce kin toshe shi."

Nan take na cire shi daga toshewar na kira. Ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Ban tsaya tunanin abin da Dada za ta ce ba, na hau Keke Napep zuwa bakin gari, daga nan na tari ɗan acaɓa na ce Vimtim.

Hanya duk masara an karya, dawa ta sunkuyar da kai, mata ɗauke da dammunan harawa. Ni dai addu'a nake yi, ina riƙe da hijabina kar iska ta kwashe. A gidan aka ce Mama Roda na gona, aka nuna mana wata bishiyar tsamiya can gefen mayo, wato rafi, inda ruwa ya fara janyewa. Ɗan acaɓa ya ce ba zai shiga yashi ba, na ce ya jira ni, na taka da ƙafa.

Tun daga nesa na hango mata sun kewaye tulin gyaɗa suna tsinka. An rataye wata 'yar jar rediyo a reshe tana ta rera waƙar yabo da Hausa. A tsakiyarsu kuwa, a kan buhu, ga wani dogo a zaune. Ya naɗe hannun shaddarsa, hular na kan gwiwa, ƙasa ta yi masa fenti har gemu. Hannu ɗaya yana tsinkar gyaɗa, ɗayan ya ɗaga wayarsa sama saitin rediyon.

Mahmoud ne. Jikan malaman Sorau, a tsakiyar matan coci, yana ɗaukar waƙar yabo a waya.

Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe zumbur har gyaɗar cinyarsa ta watse. "Juwai? Me ya... wa ya kawo ki?"

Wata dattijuwa mai ɗaurin ɗankwali babba, wato Mama Roda, ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne yarinyan?" ta ce, da irin Hausarsu ta Vimtim mai ce wa mace kai. "Zo ka ɗauki mutumin ka. Tun safe ya zo, wai in ba shi kati na. Na ce kati na ba ya fita. Bara wani ya ara, ya dawo mini da shi ba komai a ciki. Na ce in yana so ya zauna ya ji, amma a gona na ba a zama hannu banza."

Matan suka kwashe da dariya. Na durƙusa na gaishe ta, na gaishe su, sannan na juya gare shi.

"Me kake yi da waya a sama?"

"Tawa ba ta da ramin kati," ya ce a hankali. "Rediyon kuma ba ta da gilashi, sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya. To duk wadda na ji da jita sai in ɗauka, ko Allah zai sa a dace."

"Ka san su ne?"

"Ina zan san su? Ba ki taɓa jiyar da ni ba."

Bai faɗa da zafi ba, amma ta shige ni. Na karɓi wayar na duba abin da ya tara tun safe. Mawaƙan coci ne zalla, da kukan awaki a bayansu, da muryar Mama Roda tana ce masa ya daina barin gyaɗa a jikin saiwa. Ko ɗaya babu tawa.

"Mama, don Allah a bar ni in latsa gaba," na ce.

Ta ɗaga kafaɗa. Na miƙe na kama rediyon. Na latsa, ba ita ba. Na latsa, ba ita ba. Yatsana har ya fara zafi, zuciyata na cewa Dennis ya yi ƙarya, ko ya manta, ko katin ya cika kafin a kai kansu. Mahmoud na tsaye a bayana ko motsi ba ya yi. Na latsa.

Sai na ji an ja kujera a cikin rediyon.

Kafin a taɓa jitar ma na gane. Na zauna daɓas a kan harawa. Tsirkiya ta fara, sannu-sannu, sai Eva ta ja numfashin nan nata. Ya Allah. Ban san lokacin da na fara bin ta ba, hawaye na zuba, ni da ban taɓa rera waƙar nan a gaban ɗan'adam ba.

"Yanzu wani zai yi tari," na ce.

Mutumin ya yi tarinsa. Matan suka saki salati da "Yesu" a haɗe.

"Za ta tsaya ta ce masa sannu," na ƙara.

Eva ta tsaya, ta ce masa sannu, jama'ar Jos suka yi dariya, matan Vimtim ma suka taya su.

Mama Roda ta karkaɗe hannunta a zani, ta miƙe, ta sauke rediyon da kanta. Ta zare katin da farce ta ɗora min a tafin hannu. "Wannan naka ne," ta ce. "Kwafa. Amma a gaba na, kuma kar ka goge mini. Wancan mai ruwan sama, jiya na ji shi, na yi barci kamar an ɗauke mini kaya. Ko da yake na yi ta jira a kira sunan Ubangiji ban ji ba."

"Ba ta coci ba ce Mama."

"Oho. Ya riga ya shiga rai na."

Na saka katin a wayata na bi su ɗaya-ɗaya ta lambobinsu. Suna nan. Duka suna nan, har Wadda Tsirkiya Ta Tsinke. Na kwafe, na mayar mata da katinta, na sake dubawa, na kuma dubawa. Alhamdulillahi. Jama'a ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da ya sauka, har yunwa na ji nan take. Wata ta miƙo min ɗanyar gyaɗa na hau ci ba kunya.

Muka koma gefen mayo, inda suke ganinmu amma ba sa jinmu. A nan na faɗa masa komai, da Jos, da ƙarƙashin gado, da nokawut. Ina faɗa ina kallon yashi.

"Ranar da taya ta fashe a gaban gidanku muna hira," ya ce, "kika ce kin bar tukunya a wuta."

"Babu wata tukunya."

"Na sani. Na ga hannunki. Na yi ta jira ki faɗa min da kanki." Ya murza hularsa. "Mu ta Kamaru muka bi, da shanu. Ni har yau ba na iya zama a ɗaki in ba na ganin ƙofa. Ko a shago ka lura inda nake ajiye kujera."

Ya ce "ka" maimakon "ki", ya kama kansa, ya rufe baki da hannu. Hausar Mama Roda ta fara kama shi. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce masa ya yafe min saƙon da na tura. Ya ce shi ne zai nemi yafiya, da ya karɓi wayar mutum ya kai aka taɓa bai tambaye ta ba. Mama Roda ta cika mana leda da gyaɗa, ta ce ranar biki in ba a gayyace ta ba za ta zo da kanta. Na koma kan acaɓana, shi yana bin mu a baya da nasa mashin har ƙofar gida.

La'asar ta yi lokacin da muka iso. Adda na tsaye a zaure, ta ci ɗamara da mayafi, ido kamar zai faɗo.

"Daga ina? Kasuwar ce tun safe? Kai kuma Mahmoud, wa ya tumurmusa ka a ƙasa haka?"

Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba, sannan ya ce, "Adda, ni na kai aka goge mata abu, ni kuma na bi sawunsa. A Vimtim na wuni, kuma mutane sun gan ni, na san labari zai riga ni isa Sorau. Duk wanda ya tambaya a danginmu, ki turo shi wurina. Ba waƙar coci ba ce. Ko da ita ce ma, yau na ji ta fi a ƙirga, ga ni ban canza ba. Magani ne take sha ta kunne, ni kuma mai sayar da magani ne, ba zan hana ta ba."

Adda ta kauce daga bakin ƙofa. Ya yi mana sallama ya tafi wanka, mu kuma muka shiga ciki.

"Wane irin magani?" ta ce da muka kai tsakar gida. Muryarta ta sauko. "Juwairiya, wai har yanzu abin nan bai bar ki ba? Na ɗauka tun a Jos ya wuce."

"Bai wuce ba Adda. Na dai samu abin da nake riƙewa."

Ta zauna a bakin turmi, ta kwance ɗamarar. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "To kunna mu ji abin da aka kusa fasa aure a kansa."

Na laluba jaka zan ciro iyafis, sai na fasa. Na ajiye wayar a kan tabarma na latsa Ta Ruwan Sama, a fili, a tsakar gidanmu, abin da ban taɓa yi ba. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon wani gida a Jos. Jita ta biyo baya.

Dada ta fito daga madafa da muciya a hannu, hayaƙi ya sa idonta ruwa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, tuwo na ta tafasa a bayanta.

"Ita ce wannan?" ta ce. "Wadda kike sakawa a kunne tun gidan kawunku?"

"Ita ce Dada."

Ta jingina muciyar a bango, ta tako ta zauna kusa da ni, har kafaɗarta na taɓa tawa. Ta goge ido da bakin zani.

"Shekara da shekaru ina yi wa masu waƙar nan addu'a bayan sallah, ban san ko muryarsu ba," ta ce. "Ƙara sauti, ɓingel am, 'yata. Bar tuwon ya ƙone."